Shin mata sun fi maza raunin zuciya a gasar kasuwanci ta talabijin?

An daɗe ana cewa matan da ke shiga irin wannan gasa kuka da faɗa ke kayar da su. Wanda ya yarda ba shi da laifi, abin da aka nuna masa ke nan.

Sai dai aikin kwanaki ake ɗauka, a tace shi ya koma kamar awa ɗaya, kuma masu tacewa sun san hawaye na riƙe mai kallo. Fushin namiji ma ai motsin rai ne, amma sai a kira shi jarumta.

In kana kallo, ƙirga tsawa da ɗaga murya, ba hawaye kaɗai ba. Ka kuma lura da inda aka yanke hoto kafin kukan.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.