Wai da gaske ana iya numfashi da ruwa in nimoniya ta ci huhu?

Tambayoyin nan ƴan uwa ne ke ta turo su daga Garwa da Marwa a Kamaru tun da suka ga hoton ɓera a nutse cikin kwalba yana numfashi abinsa.

Wannan ɓeran ba siddabaru ba ne?

A'a fa, gaskiya ne. Amma ba ruwan randa ba ne, wani sinadari ne da ake ce ma PFC a taƙaice, yana shan oksijin fiye da ruwa nesa ba kusa ba. Tun 1966 masu bincike Leland Clark da Frank Gollan suka nuna haka a Amurka.

Toh mene ne haɗinsa da nimoniya?

In ƙwayar cuta ta kama huhu sosai ƴan jakunkunan iskan da ke cikinsa sai su cika da mugunya su manne, ko an sa mutum a injin numfashi iskar ba ta kai can ƙasa. Shi kuwa PFC nauyinsa ya kusa ninka na ruwa biyu, in an ɗura shi ta bututu gangarawa yake har inda ya toshe ya buɗe wurin, dattin kuma ya taso sama kamar ƙaiƙayi in ana wanke gero sai a zuƙe shi, injin na ci gaba da hura oksijin, daga baya ruwan ya bi numfashi ya fice da kansa. A baki kam abin da daɗin ji.

An gwada a jikin mutane?

Eh. A 1989 aka fara da jarirai bakwaini a Filadelfiya ta Amurka, likitoci suka sa rai sosai. Sai babban gwajin da aka fitar a 2006, manya 311 masu mummunan ciwon huhu. Waɗanda aka zuba ma ruwan ba su fi sauran samun sauƙi ba, sun ma fi daɗewa a kan inji, kuma an fi samun huhu ya huje a cikinsu. Daga nan zancen ya yi sanyi.

Yana kashe ƙwayoyin cutar ne?

Ba aikinsa ba ke nan. Masu bincike dai na gwada gauraya shi da antibiyotik don maganin ya isa can cikin huhu, amma a dabbobi.

Za a samu a babban asibitin Garwa ko a Yawunde?

Ba a nan ba, ba a Faransa ba, babu inda ya zama magani na yau da kullum, wanda duk ya ce maka yana da shi kuɗinka yake so. In yaro na zazzaɓi da tari, numfashi sama-sama, ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki, kar a tsaya sayen ƙwaya a bakin kasuwa, a kai shi asibiti ranar. Antibiyotik irin su amoksisilin da oksijin su ne ke aiki. Allurar rigakafin nimoniya kuma tun 2011 take cikin na jarirai a Kamaru, a duba karnen yaro, wato katin rigakafinsa, a ga ko an yi masa.