Waiwaye: Hasumiyar Landan da ba a gina don jiragen ruwa ba

A gabashin Landan, daidai inda kogin Lea ke zuba cikin Thames, akwai wani zirin ƙasa da ruwa ya kusa kewayewa, ana kiransa Trinity Buoy Wharf. A nan ne hasumiyar fitilar jiragen ruwa ɗaya tilo da ta rage wa birnin take tsaye. Wanda ya hango ta daga ƙetaren kogi zai ɗauka an kafa ta ne domin matuƙa jirgi su gane hanya da dare. Ba haka abin yake ba. Ɗakin gwaji ce da aka ɗaga sama, a cikin kwatar da ta shafe shekara 185 tana yi wa fitilun gaɓar Ingila hidima.

Mai kwatar ita ce hukumar Trinity House, wadda Sarki Henry na Takwas ya ba wa takardar izini a 1514, kuma har gobe ita ke kula da hasumiyoyin fitila na Ingila da Wales. A 1803 ta fara amfani da wannan wuri wajen ƙera da gyara alamomin da ke iyo a bisa ruwa, waɗanda ake ɗaurewa da sarƙa a ƙasan teku domin nuna inda ke da zurfi da inda yashi ya taru. A wancan lokacin, da katako ake yin su. Daga wannan kwata ake kula da alamomin gaɓar da ta tashi daga Southwold a arewa har Dungeness a kudu, har da duk bakin Thames mai cike da tudun yashi.

Abin da ya fi komai daɗewa a wurin ba ɗaki ba ne, katangar bulo ce ta bakin ruwa da aka sake ginawa a 1822. Hakan kuwa ya dace da hankali, domin Thames a nan yana cika yana janyewa sau biyu a rana, kuma idan babu katangar da jirgi zai jingina a sauke kaya masu nauyi, sauran ginin duk aikin banza ne. Daga ita sai ɗakin da injiniyan hukumar, James Walker, ya zana a 1836 don ajiyar man fitila. Daga baya ma'aikatan lantarki suka gaje shi, har sunansu ya bi ginin.

Walker ne ya gina hasumiyar gwaji ta farko a 1854. Ta biyu, wadda ake gani yau, aikin James Douglass ce, an fara ta a 1864, shi ne kuma mutumin da ya gina hasumiyar Eddystone ta huɗu da aka kunna a 1882. Yadda Douglass ya tsara ta shi ne ya fi jan hankalina. Bai ware ta gefe guda ta tsaya ita kaɗai kamar na bakin teku ba. Manna ta ya yi a jikin katafaren sito na sarƙoƙi da alamomin ruwa, bulo ɗaya, launi ɗaya, mai ɗan duhun rawaya irin na tsofaffin gine-ginen Landan. Jikinta mai kusurwoyi ne, ba ta da wani tsayi, domin babu jirgin da ke nemanta daga nesa. Amma ɗakin gilashin da ke kanta cikakke ne, irin wanda za a tarar a kan dutse a tsakiyar teku. A ƙasa ana jan sarƙa ana goge tsatsa, a sama ana auna haske, matakala ɗaya ce tsakaninsu.

Amfanin samun hasumiya biyu a kwata ɗaya shi ne a kunna fitila iri biyu lokaci guda, masu dubawa su tsaya can nesa a ƙetaren kogi su ga wacce ta fi. A nan kuma ake koya wa sababbin masu tsaron fitila aikinsu kafin a tura su: datse lagwani, goge gilashi, lura da mai. Masanin kimiyya Michael Faraday, wanda ya zama mai ba hukumar shawara kan kimiyya tun 1836, ya yi aiki a wannan kwata. A gabansa aka gwada injin lantarki na Frederick Holmes a 1857, kuma a watan Disambar 1858 aka haska hasumiyar South Foreland, da ke gaɓar kudu maso gabashin Ingila, da wutar lantarki. Hasumiyar Walker dai an rushe ta a ƙarshen shekarun 1920, abin takaici ne ƙwarai, domin da su biyun suna nan da mai ziyara ya gane manufar wurin ba sai an yi masa bayani ba.

Da ƙarfe ya maye gurbin katako, sai fasalin kwatar ya sauya. A 1869 aka buɗe sashen injiniyoyi domin gyara da gwada alamomin ƙarfe. Wuri ya yi kaɗan, a 1875 aka faɗaɗa zuwa yamma cikin filin wani kamfanin ƙera jirage. A wannan zamani aka gina doguwar rumfar gwajin sarƙa, inda ake miƙe sarƙa a ja ta da ƙarfi a ga ko za ta tsinke. Tsawon ginin, tsawon aikin ne ya jawo shi. Zuwa 1910 mutum kusan 150 ke cin abinci a nan: maƙera, kafintoci, masu fenti, masu gwajin sarƙa, ma'aikatan ofis. Duk wata ƙofa mai faɗi da rufi mai tsayi da ake gani yau, wani kaya ne mai nauyi ya tilasta a yi ta haka.

Manyan tasoshin jiragen ruwa na cikin Landan sun rufe ɗaya bayan ɗaya har zuwa 1981, kwatar ma ta bi sahu a watan Disambar 1988, aikinta ya koma garin Harwich da ke bakin teku. Shekara goma bayan haka, a 1998, mai tsaron fitila na ƙarshe da ya rage wa hukumar ya bar hasumiyar North Foreland, na'ura ta karɓi aikin. A wannan shekarar ce aka miƙa kwatar ga wata gidauniya, kamfanin Urban Space Management ya ɗauki nauyin gudanar da ita a matsayin wurin masu zane da sauran ayyukan fasaha. A 2001 aka jera kwantenonin kaya aka ɗora wasu kan wasu, aka huda musu tagogi masu zagaye, aka mayar da su ɗakunan aiki. Wasu na ganin launukansu sun yi ihu kusa da tsohon bulo. Ni dai ban ga laifinsu ba, tun da kayan tashar jirgi ne, kuma sun dawo da masu aikin hannu cikin harabar.

Damuwata tana wajen katanga. Dogayen gidajen haya na zamani sun taso sun kewaye zirin ta ɓangaren tudu, kuma filin bakin ruwa a Landan tsada gare shi. Hasumiyar da siton da take jikinsa suna cikin jerin gine-ginen da doka ta kare, don haka ba na jin tsoro a kansu. Ƙananan rumfunan da ba su da kyan hoto, da filin da ake jibge sarƙa a da, su ne ke buƙatar mai tsaya musu, domin a cikinsu aka yi yawancin aikin da ya sa fitilun bakin Thames ba su mutu ba.