Mene ne sakin talala?

Sakin talala shi ne a fito da fursuna kafin wa'adin da alƙali ya yanke masa ya cika, a bar shi ya ƙarasa sauran a cikin gari bisa sharuɗɗa. Sunan daga kiwo ya samo asali, wato dabbar da aka ɗaure da doguwar igiya, tana cin ciyawa iya inda igiyar ta kai. Wanda aka yi wa wannan sakin zai riƙa kai kansa wurin jami'in da ke sa masa ido, ba ya ƙetare iyakar jiha sai da izini, kuma in ya saɓa sharaɗi ana iya mayar da shi kurkuku.

Ba ɗaya yake da beli ba, domin beli galibi tun kafin hukunci ake bayarwa. Ba afuwa ba ne, don ita ta shugaban ƙasa ko gwamna ce. Ɗaurin talala kuwa tsare mutum ne a gidansa.

Da yawa sun fara fahimtar tsarin ne daga fim ɗin Amurka na 1994, The Shawshank Redemption, wanda Frank Darabont ya shirya daga labarin Stephen King. Morgan Freeman ya fito a matsayin Red, mai ɗaurin rai da rai a wani kurkuku na jihar Maine. Sau uku muke ganinsa a gaban kwamitin saki: bayan shekara 20, bayan 30, sai bayan 40. A biyun farko ya faɗi abin da yake zaton suna son ji, cewa ya shiryu, aka ƙi shi. A na uku, da ya fid da rai ya faɗi nadamarsa tsakani da Allah, sai aka sa masa hannu.

Amma ni inda fim ɗin ya fi taɓa zuciyata shi ne labarin tsoho Brooks, mai kula da laburaren kurkukun. Shekara 50 ya yi a ciki. Da aka sake shi, aka ba shi ɗaki da aikin zuba wa mutane kaya a jaka a kanti, sai ya tarar duniyar ta wuce shi. Motoci na firgita shi, ba ɗan'uwa, ba aboki. A ƙarshe ya rataye kansa. An sake shi ba tare da an tanadi wanda zai karɓe shi ba, kuma wannan babban giɓi ne. Red ma da aka sake shi, wannan ɗakin da wannan aikin aka ba shi. Abin da ya cece shi alkawarin da ya yi wa amininsa Andy ne, wanda ya tsere daga kurkukun, har ya karya sharaɗin sakinsa ya bi shi Meziko.

A zahiri, jihar Maine ɗin da kanta ta soke sakin talala a 1976, ita ce ta farko a Amurka. A Najeriya kuwa, dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta sanya shi cikin hanyoyin hukunci da ba sai an kulle mutum ba, tare da hidimar al'umma.