Kafin ka ce dinyarka ta ƙoshi da ruwa, duba kashinta

A watan Afrilun bara na shiga wani gida a Rigasa, Kaduna, na tarar da dinya huɗu sun lafe a gindin bango suna haki. Uwargidan ta ce, "Malam, wallahi ruwa ba ya yanke musu." Gaskiyarta. Sai dai ruwan na cikin wani tsohon kasko ne a tsakiyar rana, ya yi kore, kashinsu kuma tsululu kamar kunu.

Shan ruwa daban, shigarsa jiki daban. A bangon hanji akwai wasu ƙananan ƙofofi na furotin, masana na kiransu akwaforin, waɗanda ruwa ke bi da sauri ya ratsa ƙwayoyin halitta. Peter Agre na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ne ya gano aikinsu a 1992. Ya sa ƙwan kwaɗo ya ƙera wannan furotin, ya tsoma shi a ruwa, ƙwan ya kumbura har ya fashe, alhali wanda ba a taɓa ba ko gezau. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 2003.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar da Allah Ya yi wa dinya, agwagwa da kaza. Ba su da mafitsara. Fitsarinsu na saukowa daga ƙoda zuwa dubura, sai wani sashe ya koma baya cikin ƙarshen hanji da wasu 'yan jakunkuna biyu da ke liƙe da shi, a sake tsotse ruwa da gishirin da ke ciki. Farin nan da kike gani a kan kashin, uwargida, shi ne fitsarin. Wato tsuntsu tattalin ruwa yake yi har a mafita. Ga dinya abin ya fi tsanani, don ciyawa take ci, abincin kuma ba ya daɗewa a cikinta.

To idan cuta ta kwaile bangon hanjin, kamar ciwon kashin jini ko ƙwayoyin cutar da ke ruwan kwata, ƙofofin nan sun tafi tare da shi. Ruwa ya shiga ta baki ya fice ta baya. Ga zafin Kaduna na Maris da Afrilu, tsuntsu ba ya gumi, da haki yake huce jiki, hakin ma ruwa yake ci.

Don haka a kai mazubin inuwa, a wanke shi kullum, a canza ruwan safe da rana. Mazubin ya yi zurfin da dinya za ta tsoma kai duka ta wanke hanci da ido. Idan zawo ya kama su, akwai garin gishiri da sukari na kaji a shagunan maganin dabbobi, domin a hanji ruwa bin gishiri da sukari yake yi. A bi awon da ke jikin leda. Kada a yi ta barbaɗa gishirin miya da ka, yawansa na kashe ƙanana.

Jini a kashi, ko zawon da ya wuce kwana biyu, sai likitan dabbobi. Idan kuwa suna mutuwa farat ɗaya, a kai rahoto ofishin kula da dabbobi mafi kusa, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa. Yana iya zama murar tsuntsaye ce, kuma a Jihar Kaduna aka fara tabbatar da nau'inta na H5N1 a Afirka, a Fabrairun 2006.