Tambayoyin da ake ta maimaita mini kan al'ada da zamantakewa

Duk shekara sababbin ɗalibai da tambayoyin nan suke zuwa. Ga amsoshin, a karanta kafin a sake tambaya.

Mece ce al'ada?

Duk abin da mutum ya koya daga jama'ar da ya tashi a cikinta: harshe, gaisuwa, ci da sha, sutura, abin kunya da abin alfahari. Masanin al'adu ɗan Ingila Edward Tylor ya bayyana ta haka tun 1871. Ku daina rubuta mini cewa al'ada kiɗa da rawa ce kawai.

A jini ake gadonta?

A'a, koyonta ake yi. Jaririn Bahaushe da aka raina a gidan Ashanti a Kumasi da harshensu zai buɗe baki.

Me ya sa muke bin ƙa'idar da ba wanda ya rubuta?

Saboda tana da ƙarfi a kanmu ko mun so ko mun ƙi, kamar yadda masanin zamantakewa ɗan Faransa Emile Durkheim ya nuna a 1895. Babu alƙalin da zai ɗaure uwa don ta ambaci sunan ɗanta na fari, amma ta gwada a gaban surukai ta ga irin kallon da za ta sha. Kuma nauyin ƙa'idojin ba ɗaya ba ne. Yaron da ya ci tuwo da hagu tsawa ce tasa, wanda ya ɗaga wa mahaifiyarsa hannu kuwa unguwa ce gaba ɗaya za ta juya masa baya.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce. An koya mana kada mu raina al'adar mutane. To, in na tarar ana ƙona mai jego da ruwan zafi ana ɗura mata kunun kanwa, shiru zan yi?

Malama, ba shiru za ki yi ba, amma kada ki shiga gidan da faɗa. Abin da masana irin su Franz Boas suka koyar shi ne a fahimci al'ada a muhallinta kafin a yanke mata hukunci. Ba su ce duk abin da aka gada daidai ne ba.

Cutarwar gaskiya ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da tsananin zafin wanka, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da gishirin da ke cikin kanwa. Sai dai ki dubi abin da kwana arba'in ɗin ke yi wa matar: an sauke mata aikin gida, ana ciyar da ita, mahaifiyarta ko gwaggonta na kusa, wata ma gidansu take komawa wankan. In kika ce a bar wanka ɗungurungum, tsohuwa za ta ji kin ce a wofintar da 'yarta, daga ranar kuma ba za ta ƙara gaya miki gaskiya ba.

A ganina ki fara da wadda ke riƙe da ganyen wankan, ba da mai jegon ba, don ba ita ke da ta cewa ba. Ki gaishe ta da ladabi, ki yaba ɗawainiyarta, sannan ki roƙi a sirka ruwan, a cire kanwa daga kunun. Wani gidan zai karɓa nan take, wani sai an bi ta wajen miji ko ungozoma, wani kuma ba zai ji ba sam, wannan ba gazawarki ba ce. Amma in kika ga kumburin ƙafa da haki da kasa kwanciya, lallashi ya ƙare, a tafi asibiti a ranar.

Turawa ne suka ƙirƙiro ilimin nazarin zamantakewa?

Auguste Comte ɗan Faransa ne ya raɗa masa suna "sociology" a shekarun 1830. Amma tun 1377 Ibn Khaldun, haifaffen Tunis, ya yi bayanin asabiyya a littafinsa Muƙaddima: danƙon da ke haɗa jama'a har su kafa daula, da yadda jin daɗin birni ke sassauta shi. Kada wani ya ɗauki kansa baƙo a fannin nan.

Tsokanar Fulani da Barebari ba raini ba ce?

Haba! Wasa ne mai ƙa'ida, irin na taubasai da na Gobirawa da Yarbawa: a faɗi magana mai zafi, ba a yarda a yi fushi ba. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya irin wannan wasa na Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada.