Waiwaye: Magani da Hukunci a Tseren Dawakin Amurka

Tun a 1903 hukumar Jockey Club ta Ingila ta haramta bai wa dokin sukuwa ƙwayar ƙara kuzari, sai dai taƙaddamar da ta fi daɗewa a kotunan Amurka ta shafi magungunan jinya ne na halal, waɗanda likitan dabbobi kan bayar, amma doka ta hana a same su a jikin doki ranar tsere.

A 1968 doki mai suna Dancer's Image ya lashe gasar Kentucky Derby, sannan gwajin fitsarinsa ya nuna fenilbutazon, maganin kashe zafin ciwo. Aka ƙwace nasarar, aka bai wa Forward Pass, dokin da ya zo na biyu, mai Dancer's Image kuwa, Peter Fuller, ya kwashe shekaru yana shari'a bai yi galaba ba. Abin mamaki, a 1974 jihar Kentucky ta halatta wannan maganin, wanda ya nuna cewa wani lokacin dokar shekarar ce kawai ke raba laifi da jinya.

Ginshiƙin hukunce-hukuncen shi ne ƙa'idar da ta ɗora wa mai horar da doki alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Lauyoyi sun sha kukan cewa tana hukunta mutum ba tare da tabbatar da niyyarsa ba, kuma kukan nasu yana da tushe, amma da za a nemi shaidar niyya, da wuya a kama kowa, tunda doki ba ya magana.

Batun ya sake tasowa a 2021, lokacin da aka samu betametason, maganin kumburi, a jinin Medina Spirit, dokin da ya lashe Kentucky Derby ta shekarar. Mai horar da shi, Bob Baffert, ya ce daga man shafawa na ciwon fata ya fito, duk da haka aka soke nasarar a Fabrairun 2022, aka dakatar da shi kwana 90, aka ci shi tarar dala 7,500.

Batun masu horar da dawaki Jorge Navarro da Jason Servis daban ne, domin masu gabatar da ƙara na tarayya ne suka gurfanar da su a 2020 bisa amfani da ƙwayoyi a ɓoye, aka ɗaure Navarro shekara 5, Servis kuma shekara 4. A ƙarshen 2020 aka sanya hannu kan HISA, dokar tarayya ta tseren dawaki, don maye gurbin dokokin jiha-jiha da tsari guda, shirinta na gwajin magunguna ya fara aiki a Mayun 2023, yayin da wasu jihohi da ƙungiyoyin masu dawaki suka kai ta kotu bisa zargin ta saɓa wa kundin tsarin mulki.