Zaɓen Sandar Giya ta Kasuwa ga Tsohuwar Motar Gudu

Sandar giya, wadda direbobi da kanikawa suke kira liba, ita ce ƙarfen da direba yake kamawa ya sauya lambar giya a motar da ba otomatik ba. Idan aka ce sandar giya ta kasuwa, ana nufin wadda wani kamfani dabam ya ƙera, ba kamfanin motar ba, domin a cire ta asali a ɗaura ta a gurbinta. Waɗanda suka fi nemanta su ne masu riƙe da tsofaffin motocin gudu, wato ƙananan motocin nan masu ƙofa biyu irin su MGB, Jaguar E-Type, Datsun 240Z, Porsche 911 da Chevrolet Corvette, ko dai saboda sandar asali ta shekara 40 ko 50 tana aiki har ta saki, ko kuma saboda tun fil azal tafiyarta daga lamba zuwa lamba tana da tsawo. Irin waɗannan motoci ba su da yawa a Bauchi da Gombe, amma ilimin abin bai bambanta da wanda kanikawan Peugeot 504 da 505 suka daɗe suna aiki da shi ba.

Yadda sandar take aiki

Wanda ya taɓa ganin jigon ban ruwa a fadama ya riga ya san rabin maganar. Sanda ce mai madogara, galibi ƙwallon ƙarfe ne zaune a cikin kofin roba. Hannun direba yana sama, gajeren ɓangaren da ke ƙasa kuma shi ne yake tura cokulan da ke cikin giyabos, waɗanda kanikawa suke kira fok. Nisan da hannu zai yi ya danganta ne ga yadda tsawon sama yake idan aka gwada shi da na ƙasa. A ɗauka sama santimita 20 ne, ƙasa santimita 4, kuma cokali yana buƙatar a tura shi santimita 2 kafin giya ta shiga: hannu zai yi tafiyar santimita 10. Idan aka mayar da ƙasan santimita 5, tafiyar hannu za ta koma santimita 8, wato ta ragu da kashi 20 cikin 100, amma ƙarfin da hannu zai sa ya ƙaru da kashi 25 cikin 100. Wannan shi ne dukkan sirrin sandar nan mai gajeriyar tafiya da ake yawan tallatawa, kuma babu wata dabarar ƙira da za ta rage nisa ba tare da ta ƙara nauyi ba.

Akwai kuma abin da sanda ba ta da iko a kansa. A cikin giyabos akwai zobba masu daidaita gudu, da yawansu na tagulla, waɗanda aikinsu shi ne su daidaita juyawar haƙora biyu kafin su haɗu. Zoben yana buƙatar ɗan lokacinsa. Gajeriyar sanda tana sa hannu ya iso da wuri, sai direba ya matsa wa zoben kafin ya gama aikinsa, a ji ƙarar nan ta gurzar haƙora, zoben kuma ya riƙa cinyewa. Wasu motocin ma ba su da zoben a lamba 1 sam: haka Jaguar E-Type take daga fitowarta a 1961 har 1964, lokacin tana amfani da giyabos na Moss, haka kuma MGB daga 1962 har 1967. A irin waɗannan, kowace sanda aka ɗaura, sai mota ta tsaya cik sannan lamba 1 ta shiga salin alin, in ba direban ya ƙware wajen taka kulochi sau biyu ba.

Giyabos ake dubawa kafin sunan mota

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayi sanda da sunan mota da shekararta kawai. Sanda da giyabos take haɗuwa, kuma mota mai suna ɗaya tana iya zuwa da giyabos iri uku. Porsche 911 ta fara da samfurin 901, wanda lamba 1 take hagu ta baya, ribas kuma a gabanta. Daga 1972 zuwa 1986 aka koma samfurin 915. Daga 1987 kuma sai G50 na kamfanin Getrag. Sandar ɗaya ba ta hawa ɗaya.

Ta fuskar yadda sanda take isa ga cokula, tsofaffin motoci sun kasu kashi uku. Na farko su ne masu sanduna a waje, irin giyabos mai lamba 4 na Amurka: BorgWarner T-10 da ya shiga Corvette a 1957, da Muncie na General Motors da ya fito a 1963, da Toploader na Ford. A nan sandar tana maƙale a gefen giyabos, siraran ƙarafa uku suna tafiya daga gindinta zuwa hannuwan giya, biyu na lambobin gaba, ɗaya na ribas. Wannan tsari ne ya haifi sana'ar sandar kasuwa, domin na kamfani sun kasance masu laushi da yawan lilo. George Hurst da abokin aikinsa Bill Campbell sun kafa kamfaninsu a jihar Pennsylvania a 1958, sandarsu kuma ta yi suna har Pontiac ta riƙa fitar da GTO ta 1964 da ita tun daga masana'anta. Samfurinsu Competition/Plus har yau ana sayar da shi, amma yana zuwa ne kashi biyu: jikin sandar dabam, farantin ɗaurawa da ƙarafan haɗi dabam, kuma kowannensu yana iya bambanta daga mota zuwa mota.

Na biyu su ne waɗanda sanda take shiga giyabos kai tsaye ta sama, kamar BorgWarner T-5 da ya shiga Mustang a 1983, da Mazda MX-5 ta 1989. Su ne mafi sauƙin canji, kusoshi kaɗan ne ake kwancewa daga cikin mota. Na uku su ne waɗanda giyabos yake nesa da direba, kamar 911 mai inji a baya, inda doguwar sanda take bi ta ƙarƙashin mota ta haɗu da giyabos ta wata mahaɗa mai bushin, wato ɗan zoben roba da ke hana ƙarfe gogar ƙarfe. A wannan tsari wani ɓangare na lilon da direba yake ji daga mahaɗar yake fitowa, ba daga abin da ke hannunsa ba.

A ƙasar nan maganar ta fi haka sarƙaƙiya, domin da wuya a sami tsohuwar motar da ba a taɓa yi mata dashe ba. A Ingila ma an saba ɗaura wa MGB giyabos mai lamba 5 na Ford Type 9, wanda aka ciro daga Sierra. A garejin Bauchi ko na Gombe kuwa, idan inji ya gaji, abin da aka fi yi shi ne a sauke shi tare da giyabos a ɗora na Toyota ko Nissan da aka samo a kasuwar tsofaffin kaya. Saboda haka matakin farko shi ne a hau da motar kan rami, a wanke jikin giyabos, a karanta lambar da aka buga a kansa, a kuma auna nisan da ke tsakanin mazaunin sanda da ramin da ke daɓen motar. Sandar da ba ta fito daidai ramin ba tana tilasta a yanka daɓe, wannan kuwa ɓarna ce da take rage darajar mota har abada. Sannan a lura da lanƙwasar sandar. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, tun daga nan motocin ƙasar sitiyarinsu yake hagu, don haka sandar da aka lanƙwaso wa direban Ingila ko na Japan za ta karkata ne wajen fasinja.

Gyara kafin saye

Sau da yawa mai mota ba ya buƙatar sabuwar sanda. Kofin roban da ƙwallo yake zama a ciki, da bushin ɗin mahaɗa, suna bushewa su farfashe, musamman a zafin watannin Maris da Afrilu na wannan yanki, kuma canza su kaɗai yana mayar da sanda yadda ta fito daga kamfani da kuɗi ƙalilan. Kujerar inji da ta giyabos idan sun mutu, giya takan fice da kanta a kan gargada. Kulochin da ba ya saki sosai yana sa kowace lamba ta yi tauri. Man giya ma yana da nasa: giyabos mai zobban tagulla galibi mai samfurin GL-4 yake so, MGB kuwa man inji 20W-50 ake zuba wa nata, don haka littafin motar ne abin bi, ba al'adar gareji ba. Wanda ya ɗaura gajeriyar sanda a kan waɗannan cututtuka zai ƙara jinsu ne a tafin hannunsa.

Abin da ake nema a jikin sandar

Abu mafi amfani da sandar kasuwa mai kyau take kawowa ba gajartar tafiya ba ce, kusoshin tsayarwa ne. Kusoshi biyu ne, gaba da baya, da ake saitawa su tare sandar da zarar giya ta shiga, don kada ragowar ƙarfin hannu ya sauka a kan cokula ya lanƙwasa su. T-5 ya yi ƙaurin suna da wannan lalura. Sai sifirin mai mayar da sanda layin lamba 3 da 4 idan an sake ta a furi. Sandar asali ta 915 ba ta komowa tsakiya da kanta daga ɓangaren lamba 1 da 2, shi ya sa masu 911 suke sayen irin ta kamfanin WEVO. Batun ba na jin daɗi kaɗai ba ne, domin direban da ya nufi lamba 4 daga 5 a kan titin Bauchi zuwa Jos ya faɗa lamba 2, injin zai juya fiye da ƙima har bawul su lanƙwashe.

Makullin ribas shi ma kada a rasa shi. Corvette ta shekarun 1960 tana da ɗan hannu da ake ɗagawa da yatsu biyu kafin ribas ta shiga. Wasu sandunan kasuwa sifirin mai tauri kawai suka sa a madadinsa, mai saye ya san da haka. MGB ta ƙarshen shekarun 1970 kuma a kan sandarta aka sa maɓallin giyar ƙari ta kamfanin Laycock, wato giyar da take rage juyawar inji a doguwar tafiya, mai aiki da lantarki, wanda duk ya canza kan sandar sai ya samar wa maɓallin wani wuri.

Bushin na ƙarfe ko na roba mai tauri yana kawar da lilo, amma yana shigo da gunjin giyabos da karkarwarsa cikin mota. Ga motar da ake fita da ita yawon ƙarshen mako zuwa Yankari ko Dadin Kowa, ragin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 tare da bushin mai ɗan laushi ya wadatar. Abin da ya wuce haka na filin tsere ne. Kan sanda na alminiyam yana da kyan gani, sai dai motar da ta wuni a ranar Gombe ba a iya taɓa shi, na katako ko na fata ya fi dacewa. A duba tiredinsa, wato ma'aunin zaren da ake murɗa kan a jikin sanda: Mazda da Nissan galibi M10 x 1.25 ne, Toyota M12 x 1.25, Hurst kuma da ma'aunin inci take aiki, 3/8-16. Rigar robar da ke rufe gindin sanda ita ce garkuwa daga ƙurar hunturu, wadda idan ta gauraya da giris takan zama kamar yashin goge ƙarfe.

Samowa da ɗaurawa

Kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Ladipo a Legas sun fi ƙarfi a kayan motocin yau da kullum, saboda haka sandar Corvette ko ta 911 yawanci odarta ake yi daga Amurka ko Turai, abin da yake sa mayar da wadda ba ta yi daidai ba ya zama asara. Wasu sukan kai sandar asali wurin mai walda a yanke ta a ƙara mata tsawo ta ƙasa. Wannan yana sauya kusurwar da take tura ƙarfen haɗi idan ba a ɗaga madogarar ba, waldar kuma tana iya karyewa ana cikin tafiya, ga shi an lalata kayan da ba a ƙara ƙera irinsa. Abin da ya dace shi ne a zaɓi sandar da take hawa ramukan kusoshin asali ba tare da huji ko yanka ba, a shafe ta asalin da mai a adana, domin masu sayen tsofaffin motoci suna biyan kuɗi mai kauri a kan motar da kayanta na kamfani suke cikakku.

Wajen ɗaura ta Hurst, ana sa giyabos a furi, a zura ƙusa mai kaurin kwatan inci ta ramin da ya ratsa hannuwan sandar uku don su tsaya a layi ɗaya, sannan a murɗa kowane ƙarfen haɗi har ya shiga mazauninsa ba tare da an tilasta shi ba. Kusoshin tsayarwa kuma ana saita su ne bayan an sa giya sosai, a bar ɗan rata kaɗan tsakanin kusa da sanda, domin kusar da ta matse tana hana giya zama, sai ta riƙa ficewa idan an ɗaga ƙafa daga totur. Bayan haka a gwada kowace lamba inji yana kashe, a sake gwadawa yana aiki, sannan a fita da motar har man giya ya yi zafi, a dawo a sake duba ratar kusoshin.